Gidan Shelley da Doguwar Tafiyar Dokar Gidaje a Amurka

A shekarar 1945 wani magidanci baƙar fata, J.D. Shelley, da matarsa Ethel suka sayi gida a birnin St. Louis na jihar Missouri. Ciniki ya faɗa, suka biya, suka tare. Abin da ba su sani ba shi ne, tun 1911 masu gidajen unguwar suka sa hannu a wata yarjejeniya cewa har tsawon shekara 50 ba za a bar baƙar fata ya zauna a cikinta ba. Wani maƙwabci mai suna Louis Kraemer ya garzaya kotu, babbar kotun jihar kuma ta ba shi gaskiya.

Irin wannan yarjejeniya dabara ce. Tun 1917 Kotun Ƙoli ta hana birane raba unguwanni bisa launin fata, sai fararen fata suka koma rubuta sharaɗin a cikin takardar gida. Gwamnati ma da hannunta dumu-dumu: a shekarun 1930 hukumominta suka zana taswirori suna shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, alamar kada a ba da bashin gida a can.

A 1948 Kotun Ƙoli ta tsaya wa Shelley, amma hukuncin rabi da rabi ne. Ta ce mutane na iya rubuta sharaɗinsu, kotu ce kawai ba za ta tilasta shi ba. Alƙalai 3 daga cikin 9 janyewa suka yi daga shari'ar. Dillalai da bankuna kuwa suka ci gaba da halinsu.

Sai da aka ƙara shekara 20. A 1966 Martin Luther King ya jagoranci zanga-zangar gidaje a Chicago, har aka jefe shi da dutse a ka. Ƙudurin dokar ya yi ta maƙalewa a majalisa. Ranar 4 ga Afrilun 1968 aka harbe King, birane suka kama da wuta, ranar 11 ga wata Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu. A ganina tsoro ya fi tausayi aiki a wannan makon.

Dokar ta haramta wariya a sayarwa da haya bisa launi, addini ko asali, sai dai ma'aikatar gidaje sulhu kawai take iya yi. Sai a 1988 aka ba ta ƙarfin hukunci, aka shigar da nakasassu da masu ƙananan yara. Sharaɗin nan kuwa har yau yana nan a tsofaffin takardun gidaje da dama, masu saye na cin karo da shi.