Daga Diga da Kwando zuwa Katafila: Yadda 'Ya'yanmu Suka Koyi Tuƙin Injin Haƙa a Jimeta

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Turawan Ingila kuma suka ci garin a 1901. Jimeta kuwa bakin kogi ne ya raya ta, domin a nan jiragen ruwa suke tsayawa da damina idan Binuwai ya cika, su sauke gishiri da yadi, su ɗauki gyaɗa da fatu. Wannan ciniki ne ya jawo kakanninmu daga Kano da Katsina da Sakkwato. Wanda bai da jari a cikinsu, ƙarfinsa ne jarinsa. Hanyoyin zamanin En'e da diga da shebur da kwando aka yi su, wani lokaci ma da aikin tilas.

Injuna sun yawaita ne bayan 1976, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gongola aka mai da Yola babban birninta. Sai ga aikin ofisoshi da gidajen ma'aikata da tituna. Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama ta zauna a Yola, aka gina madatsar ruwa ta Kiri a kan kogin Gongola, wadda aka kammala a 1982 don gonar rake ta Savannah da ke Numan. Kamfanonin kwangila suka shigo da buldoza da gireda da injin haƙa mai dogon hannu. Mu dai duka katafila muke ce musu, daga sunan Caterpillar, kamfanin Amurka da aka kafa a 1925.

To, wa zai tuƙa su? Da farko kamfanoni da direbobinsu suke zuwa, namu sai leburanci da gadi. Amma mu mutane ne da suka san tarbiyyar ubangida da yaro tun a fatauci da ƙira da dukanci. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai wa direba, ya ce, “Ga amana, Malam, ka koya masa abin da Allah ya sanar da kai.” A yi fatiha, a raba goro, shi ke nan yarjejeniya ta ƙullu.

Yaron katafila ba ya taɓa kujera da wuri. Aikinsa na farko wanke inji, da cire laka daga sarƙa, da ɗura giris a kowace gaɓa tun da asuba. Ya koyi duba man inji da ruwan lagireto da man haidirolik, domin wannan man ne ke ɗaga hannun ya naɗe bokitin, kuma tiyo ɗaya in ya fashe aiki ya tsaya. Daga nan ya koma tsayuwa a ƙasa yana yi wa oga da direban tifa alama da hannu. Sai ya jima a haka kafin a bar shi ya kama liba biyun nan, da yamma bayan an tashi, a fili inda ba kowa. Ya fara da tara ƙasa, sannan lodin tifa, sannan haƙa kwalbati daidai da igiyar injiniya. Na ƙarshe shi ne hawa da injin kan tirela, inda kuskure kaɗan ke kifar da dukiyar miliyoyi. Ranar yaye, oga ya sa masa albarka, ya kuma gabatar da shi ga 'yan kwangila. Wannan shaidar baki ita ce takardarsa.

Gwamnati ma ta sa hannu. An kafa ITF a 1971, hukumar NDE kuma ta fito da shirin koyon sana'a a wurin masu sana'a a 1987. Sai dai yawancin namu ba su bi ta nan ba, kuma a nan gizo yake saƙa. Yau manyan kamfanoni takarda suke tambaya, sai ka ga gwani na shekara 20 ya koma gefe.

Aikin kuwa bai ƙare ba. Mun ga gadojin sama da aka yi a Jimeta a mulkin Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri. Mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, da yadda unguwannin bakin kogi ke buƙatar magudanai. Amma matasanmu da yawa sun fi son Keke, saboda kuɗinsa na yau ne. Wasu kuma wata uku kacal su ce sun iya, alhali ganganci da wannan inji yana tsinka bututun ruwa, ya taɓo wayar wuta, ko gefen rami ya rufta kan lebura. Rai fa ba a sayensa a kasuwa.

Saboda haka muna kira ga iyaye su nemi tsofaffin direbobin da suka rage a Limawa da Rumde da Luggere, su ba su yara tun suna da ƙarfin koyarwa. Yaro ya haƙura ya kammala, ya riƙe karatunsa, ya kuma nemi takardar shaida daga hukuma. Masu koyarwa su ji tsoron Allah, kada su mai da ɗan amana bawan wanke inji har abada. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, amin.