Labarin Tsutsar Da Ke Fitowa Da Dare

Da yawa cikinmu mun taɓa ganin mai tundurmi, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Dā mutane kan ce sammu ne. Asalinsa kuwa tsutsa ce, kuma an daɗe kafin a gano ta.

A 1872, wani likita, Timoti Luwis, yana duban jinin wani majiyyaci a Kalkata ta ƙasar Hindu, sai ya ga 'ya'yan tsutsa suna motsi ƙarƙashin madubin likita. Ƙanana ne ƙwarai, sai an jera kusan 100 kāna su kai inci ɗaya. A 1876 Likita Bankurof ya sami uwar tsutsar a Ostireliya.

Amma ta yaya suke shiga jikin mutum? Likita Manson, da ke aiki a Amoi ta ƙasar Sin, ya warware wannan a 1877. Ya bar sauro ya ciji mai lambunsa wanda ke da tsutsar, sa'an nan ya riƙa feɗe sauron, ya ga 'ya'yan suna girma cikinsa. A 1900 aka tabbata cewa ta wurin cizo sauro yake mayar da su jikin mutum.

Manson ya lura da wani abin mamaki kuma. Jinin da aka ɗiba da rana ba a cika ganin kome ciki ba, na tsakar dare kuwa cike yake da su. Da rana suna ɓuya cikin jijiyoyin huhu, da dare su fito, daidai lokacin sauro. Akwai wata tsutsa dabam mai ratsa ido, ita 'ya'yanta da rana suke fitowa. Likita Lifa ya je Kalaba a 1912, ya gano ƙuda mai cizon rana, dangin bobuwa, shi ke ɗaukarta.

Saboda haka mai duban jini yakan lura da lokaci. Ya soki yatsa, ya ɗiga jini kan gilashi, ya rina shi, ya dubi wutsiyar kowace tsutsa, gama ta nan ake rarrabe su.

To, 'yan makaranta, in an ce a kawo ɗan'uwanku asibiti da dare don ɗibar jini, ku bayyana wa iyaye dalili. In an ɗiba da rana, a iya sallamar mai cuta a ce lafiyarsa lau, ita kuwa tana ci gaba da ɓarna.