Deborah Ajakaiye da Layin Duwatsun da Ya Ratsa Damagaram

Duk wanda ya shiga birnin Zinder, duwatsu ne ke fara yi masa maraba. Manya-manya ne mulmulallu, jibge bisa juna, gidajen unguwar Birni sun raɓa a jikinsu. In aka miƙa gabas, wajen Damagaram Takaya, garin da masarautar ta samo sunanta, har ƙasar Muniyo da Gure, haka za a yi ta cin karo da su suna leƙowa daga cikin yashi. Sun ba sarakunan Damagaram mafaka, amma sun yi wa garin rowar ruwa, domin dutsen giranit ba ya riƙe ruwa sai inda ya tsage ko ya ruɓe. Faransawa sun mai da Zinder hedkwatar mulkinsu a 1911, sannan a 1926 suka kwashe ta zuwa Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan, tare da kusancin garin da Kano wadda a lokacin take hannun Turawan Ingila.

Waɗannan duwatsu ba su kaɗai ba ne. Suna cikin wani dogon layi da ya haura kilomita dubu, wanda ya taso daga Adrar Bous a arewacin Abzin, ya bi ta Damagaram da Muniyo, ya tsallaka iyaka zuwa Dutse da Riruwai, ya hau tsaunin Jos, ya ƙare a duwatsun Afu kusa da kogin Binuwai. Tushen tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne. Iska da ruwa sun cinye samansu tun zamanin da ba a san mutum ba, aka bar gindinsu, wanda sau da yawa yake fitowa a zagaye kamar zobe. Tun a 1911 wani Bature mai nazarin ƙasa, J. D. Falconer, ya bambanta na Najeriya da tsohon dutsen da suka huda suka fito, ya ce waɗannan sun zo ne daga baya. Turawa sun damu da su saboda kuza, wadda mutanen Riruwai suka daɗe suna narkawa suna sayarwa kafin zuwan Bature. Amma sanin da aka yi musu na abin da ido ke gani ne. Wadda ta auna ɓangaren Najeriya na wannan layi har ta faɗi yadda cikinsa yake, mace ce, wadda a lokacin take koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

An haifi Deborah Enilo Ajakaiye a Jos a 1940, ita ce ta 5 cikin 'ya'ya 16. Iyayenta ba su bambanta mace da namiji ba, ko a karatu ko a aikin gida. Da farko lissafi ne ya ja hankalinta, daga baya ta karkata ga fiziks, ta kammala digirin farko a Ibadan a 1962, shekarar da aka buɗe jami'ar Zariya. Ta yi digiri na biyu a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ta dawo Zariya tana koyarwa tana bincike. A 1967 tana cikin 'yan Afirka ƙalilan da suka halarci taron duniya na biyu na mata injiniyoyi da masana kimiyya a Cambridge. A 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin dakta a jiyofiziks, wato ilimin gano abin da ke cikin ƙasa ta hanyar awo daga samanta.

Awon da ta fi shahara da shi shi ne na ƙarfin janyowar ƙasa, kuma ya kamata a tsaya a kansa, don a ga irin haƙurin da yake buƙata. Ƙarfin da ke janyo kowane abu ƙasa ba daidai yake a ko'ina ba. Inda dutsen da ke ƙarƙashin ƙafa yake da nauyi, janyowar takan ƙaru kaɗan. Inda yake da sauƙi, takan ragu. Bambancin ya yi ƙanƙantar da jiki ba zai taɓa jin sa ba. Ma'aunin da ake ƙirga shi da shi, miligal, kusan kashi ɗaya ne cikin miliyan na janyowar duka. Na'urar awon kuwa, ɗan nauyi ne rataye a siririn sifirin cikin akwati, ana duba yadda sifirin ɗin ya miƙe ko ya takure. Mai awo zai tsaya a bakin hanya, ya daidaita na'urar a ƙasa, ya karanta, ya rubuta lokaci, ya rubuta tsayin wurin bisa teku, ya matsa gaba. Tsayin nan ba abin wasa ba ne, don hawa mita ɗaya kawai yana rage kusan kashi uku cikin goma na miligal. Zafi da girgizar mota suna sa sifirin ya ɗan saki, saboda haka dole bayan 'yan sa'o'i a koma tashar da aka fara a sake karantawa, a gane nawa na'urar ta zame. Sai an cire tasirin tsayi, da na nisan wuri daga layin ikwaita, da na tudun da aka tsaya a kai, sannan abin da ya saura ya zama labarin dutsen da ke ƙasa. A shekarun 1960 yawancin wannan lissafi da hannu ake yin sa, a kan hanyoyin da damina ke yankewa.

Da Riruwai ta fara, a kudancin ƙasar Kano. A 1968 ta buga sakamakon a mujallar Geological Magazine, inda ta nuna cewa janyowar ƙasa tana raguwa sosai a kan zoben dutsen, alamar cewa giranit ɗin ya fi tsohon dutsen da ke kewaye da shi sauƙi, kuma ya nutsa ƙasa kilomitoci da yawa. Bayan shekara biyu, a 1970, mujallar Nature ta buga awonta na dukan yankin waɗannan duwatsu a Najeriya. Nan aka ga cewa raguwar ta fi tsanani a tsaunin Jos, inda zobban suka cunkushe, abin da ke nuna tarin giranit mai girma a ƙarƙashinsu. Ga masu neman ma'adini wannan magana ce mai amfani kai tsaye. Kuza da kwalambait suna taruwa ne a saman wani nau'in giranit ɗin da kuma jijiyoyin da suka fita daga gare shi, don haka sanin inda dutsen ya ɓuya kusa da fuskar ƙasa yana rage haƙa a banza. A 1974 ita da J. F. Sweeney suka ɗauki wani zoben, Dutsen Wai, suka fitar da siffar dutsen ta tsawo da faɗi da zurfi.

Kafin nan, a 1973, ita da Kevin Burke, wanda ya yi shekaru yana farfesan ilimin ƙasa a Ibadan, sun tattara awon da ake da shi suka buga taswirar janyowar ƙasa ta Najeriya baki ɗaya a mujallar Tectonophysics. Taswirar ta daɗe tana zama abin da mai bincike ke fara buɗewa kafin ya fita daji.

A daidai waɗannan shekaru wasu masana suna ƙirga shekarun duwatsun, kuma abin da suka samu ya sa Damagaram a tsakiyar labarin. Peter Bowden da abokan aikinsa sun nuna a 1976 cewa shekarun suna raguwa daga arewa zuwa kudu. Na Abzin sun haura shekara miliyan 400. Na Damagaram da Muniyo suna wajen miliyan 300. Na Dutse miliyan 213, na Afu kuma miliyan 141. Wato narkakken dutsen da ya haifi tsaunin Jos, aikinsa ya daɗe da wucewa ta ƙarƙashin Zinder kafin ya isa can. Duk bayanin da Ajakaiye ta yi kan yadda zoben giranit yake zaune a cikin ƙasa, ya shafi duwatsun Damagaram kamar yadda ya shafi na Kano.

Sai dai ilimin ya rabu gida biyu kamar yadda mulkin mallaka ya raba ƙasar. A arewa da iyaka Faransawa ne suka yi awon. Hugues Faure ya zagaye gabashin Nijar yana nazarin shimfiɗun ƙasarta, ya buga aikinsa a 1966. Pierre Louis, na hukumar bincike ta ORSTOM, ya bi da na'urar awon janyowa ta kwarin tafkin Chadi, har da hamadar gabashin Nijar, ya fitar da littafinsa a 1970, shekarar da Ajakaiye ta zama dakta. Nasa da Faransanci, nata da Ingilishi, taswirar kowa ta tsaya kusa da inda tutar ƙasarsa ta tsaya. A ganina, wannan rabuwa ta jinkirta fahimtar ƙasashen biyu fiye da yadda rashin kayan aiki ya yi, kuma shi ya sa nake ɗaukar aikin 1984 a matsayin mafi muhimmanci ga mutumin Damagaram cikin duk abin da ta sa wa hannu.

A wannan shekara ita da Louis da C. R. Cratchley, ɗan Birtaniya da ya taɓa yin irin wannan awo a ƙasar Borno, suka haɗa bayanansu a maƙala guda a mujallar Journal of African Earth Sciences. Sun kawo hujjar cewa kwarin Binuwai bai ƙare a Najeriya ba. Tsagewar ƙasa ce da ta faru fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da nahiyar Kudancin Amurka ke ɓallewa daga Afirka, kuma ta ci gaba a ɓoye ƙarƙashin yashi da lakar kwarin Chadi. Reshenta da ya nufi arewa maso yamma shi ne kwarin Termit na gabashin Nijar. Irin wannan rami mai zurfi, da ya cika da laka da ragowar halittu na miliyoyin shekaru, shi ne inda man fetur ke nuna.

Kada a ɗora wa maƙalar abin da ba nata ba. Kamfanoni irin su Texaco da Esso sun fara haƙa rijiyoyin gwaji a gabashin Nijar tun shekarun 1970, kuma da nasu awon na girgiza ƙasa suka nemo man. Abin da masanan uku suka yi shi ne bayyana wa kowa, a fili, yadda ramukan suka haɗu da dalilin samuwarsu. Man Agadem, da ke cikin kwarin Termit, ya daɗe a kwance saboda nisansa da teku. A 2008 gwamnatin Nijar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na Sin, aka ja bututu mai tsawon fiye da kilomita 400 zuwa arewacin Zinder, aka buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamba na 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana.

Ruwa kuwa ya fi mai wuyar samu a wannan ƙasa, kuma da irin wannan ilimi ake nemansa. A ƙauyukan da ke zaune kan giranit, kafin a haƙa rijiyar burtsatse akan cusa wutar lantarki cikin ƙasa a auna yadda take wucewa, domin busasshen dutse yana tare ta, tsagar da ke da damshi tana ba ta hanya. Inda aka tsallake wannan awo, sau da yawa kuɗin gari ne ke tafiya a busasshen rami. Birnin Zinder kansa daga nesa ake turo masa ruwan famfo, daga Gogo da Machaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. A Najeriya ma an yi amfani da binciken Ajakaiye wajen neman ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba ma'adinai kaɗai ba.

A 1980 ta zama farfesa, mace ta farko a Afirka da ta kai wannan matsayi a fiziks. Abin takaici ne a ce ɗalibai da yawa a Zariya da Kano da Zinder ba su taɓa jin sunanta ba, alhali ƙasarsu ce ɗakin gwajinta. Ba ta tsaya kan awon janyowa ba. Da gwamnatin Najeriya ta sa aka auna maganaɗisun ƙasa daga jirgin sama a shekarun 1970, ita da D. H. Hall da wasu suka zauna kan bayanan, suka buga a Nature a 1986 cewa akwai dogayen tsagogi da suka ratsa ƙasar daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, masu daidaituwa da tsagogin da ke ƙarƙashin tekun Atilantika. Sa'ad da ƙasa ta girgiza a yankin Ijebu-Ode ranar 28 ga Yuli 1984, tana cikin waɗanda suka bi diddigin abin, suka danganta shi da irin waɗannan tsagogi, a ƙasar da mutane suka ɗauka girgizar ƙasa ba ta san hanyarta ba.

Ta yaye ɗalibai, kuma ta yi aikin taswirarta tare da mata daga cikinsu. Tare da Isaac Osazuwa, wanda shi ma ya zama farfesa a Zariya, aka kafa jerin tashoshin asali na awon janyowa a faɗin Najeriya, waɗanda mai sabon awo ke jingina lissafinsa da su don ya yi daidai da na sauran duniya. Ta koyar a Jami'ar Jos, garin haihuwarta, inda ta riƙe shugabancin tsangayar kimiyya. Ƙungiyar masana ma'adinai da kimiyyar ƙasa ta Najeriya ta karrama ta, haka ma ƙungiyar masana ƙasa ta Landan.

A 1991 ta kafa ƙungiyar CCWA mai tallafa wa matan da mazansu suka rasu, da mazan da suka rasa matansu, da tsofaffi da marayu, ta ba ta lokacinta mai yawa. Duk da haka ba ta ajiye bincike ba. Hankalinta ya koma kan yankin Neja Delta da awon girgiza ƙasa da kamfanonin mai ke yi a can. Ita da Albert Bally na Jami'ar Rice da ke Houston suka tattara hotunan wannan awo suka bayyana yadda ake karanta su, kuma a 2002 ƙungiyar masana ƙasa masu neman man fetur ta Amurka, AAPG, ta buga aikin a matsayin littafin horar da ma'aikata.