Mazaɓar Sanatan Kano ta Tsakiya

Kano ta Tsakiya ɗaya ce daga cikin mazaɓun sanata guda uku na Jihar Kano a arewa maso yammacin Najeriya. Sauran biyun su ne Kano ta Arewa da Kano ta Kudu. Mazaɓar tana aika wakili ɗaya zuwa Majalisar Dattawa da ke Abuja, majalisa mai kujeru 109, kuma ana zaɓensa duk bayan shekara huɗu. Tun daga 1999 ba a taɓa samun sanatan da ya riƙe kujerar sau biyu a jere ba.

Ƙananan hukumomi

Mazaɓar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 15 daga cikin 44 na jihar. Takwas daga ciki su ne birnin Kano da kewayensa: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Sauran su ne Dawakin Kudu, Gezawa, Minjibir, Warawa, Kura, Madobi da Garun Malam. Saboda birnin yana cikinta, ita ce ta fi sauran mazaɓun biyu yawan masu jefa ƙuri'a, shi ya sa manyan 'yan siyasar jihar suke zawarcin kujerar.

Wakilai tun 1999

Ibrahim Kura Mohammed na jam'iyyar PDP ne ya fara wakiltar mazaɓar a Jamhuriya ta Huɗu, daga 1999 zuwa 2003. Rufa'i Sani Hanga ya gaje shi har zuwa 2007, sai Mohammed Adamu Bello na ANPP daga 2007 zuwa 2011, sannan Bashir Garba Lado na PDP daga 2011 zuwa 2015.

Daga nan kujerar ta koma hannun tsofaffin gwamnoni. A 2015 Rabi'u Musa Kwankwaso, ɗan ƙaramar hukumar Madobi, ya kayar da Lado a ƙarƙashin APC a daidai lokacin da yake kammala wa'adinsa na biyu a gidan gwamnati. A 2018 ya koma PDP, ya nemi tikitin takarar shugaban ƙasa, Atiku Abubakar ya yi nasara a zaɓen fid da gwanin. A zaɓen 2019 Malam Ibrahim Shekarau ya ci kujerar a APC. Shi ne kuwa mutumin da ya kayar da Kwankwaso a zaɓen gwamna na 2003.

Bambancin da ke tsakaninta da maƙwabtanta a bayyane yake. Kabiru Gaya ya wakilci Kano ta Kudu daga 2007 zuwa 2023, Barau Jibrin kuma yana kan kujerar Kano ta Arewa tun 2015, har ya zama mataimakin shugaban majalisar a 2023. A Majalisar Dattawa daɗewa na da tasiri wajen rabon muƙamai da shugabancin manyan kwamitoci, don haka yawan sauyin wakili ya rage wa mazaɓar wannan dama.

Taƙaddamar 2023

A watan Mayun 2022 Shekarau ya bar APC ya shiga NNPP, aka ba shi takarar sanata. Bayan wata uku ya fice zuwa PDP. NNPP ta miƙa sunan Rufa'i Hanga a madadinsa, amma hukumar zaɓe ta INEC ba ta karɓi sauyin ba. Da aka yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairu 2023 NNPP ta yi nasara, hukumar ta bayyana Shekarau a matsayin wanda ya ci, duk da cewa ya daɗe da barin jam'iyyar. A watan Maris Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kotunan ƙasa cewa Hanga ne halastaccen ɗan takarar NNPP. An rantsar da shi a watan Yunin 2023, shekara 16 bayan barinsa majalisar, kuma shi kaɗai ne ya wakilci mazaɓar sau biyu tun 1999.