Tarihin Babban Asibitin Koyarwa na Zazzau

Ku sani a zamanin da En'e ce ke riƙe da ɗakunan shan magani na garuruwa. Malamanta ke wanke gyambo, su ke yi wa yara lamba saboda agana. Amma duk faɗin Arewa babu jami'ar da ke yaye likita. Wanda Allah ya nufa da wannan ilmi, tilas ya bar gida. Dokta Barau Dikko, haifaffen Wusasa, likitan farko daga Arewa, sai da ya ƙetare teku zuwa Bamingham ta ƙasar Ingila.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, sai shugabanni suka ga lalle a toshe wannan giɓi. Cikin 1967 aka kafa sashen koyon likitanci, daga baya aka haɗa shi da asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi, domin ɗalibi ya koyi aikin a gefen gadon majinyaci. Haka aka yi ta fama, aiki a rarrabe, har 2005, sa'an nan aka tare a sabon gini a Shika, kan hanyar Funtuwa.

Aikin asibitin nan uku ne: jiyyar wanda cutarsa ta gagari ƙananan asibitoci, da horon likitoci da ungozomomi, da binciken cututtuka. Albarkacinsa, talaka yakan tarad da likita ɗan ƙasa, ya faɗa masa inda ke yi masa ciwo, ba tafinta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka aza harsashin, amin.