Illyrio Mopatis: Attajirin da ke Zuba Jari a Gadon Sarauta

A shekarar 1996 marubucin nan na Amurka, George R. R. Martin, ya fitar da A Game of Thrones, kuma tun kusa da farkon littafin mai karatu ke cin karo da Illyrio Mopatis, ɗaya daga cikin masu faɗa-a-ji na birnin Pentos. Fatauci yake yi na kayan yaji da duwatsu masu daraja da ƙasusuwan dodanni masu aman wuta. Shi ne ya sauki Viserys Targaryen da ƙanwarsa Daenerys, 'ya'yan sarkin da aka hamɓarar, ya ciyar da su, ya tufatar da su, sa'an nan ya ƙulla auren yarinyar da Khal Drogo don a sami mayaƙan da za su ƙwato mulki. Karamcin nan kuwa ba na Allah da Annabi ba ne, jari ne: Viserys ya yi masa alkawarin muƙamin ma'ajin masarauta.

Sai a littafi na biyar, A Dance with Dragons, wanda ya fito a 2011, aka bayyana tushen dukiyarsa. A ƙuruciyarsa matalauci ne da ke cin abinci da takobinsa, har ya haɗu da wani ɓarawo mai suna Varys. Varys ya riƙa sace abin da ƙananan ɓarayi suka sato, Illyrio kuma ya je wurin masu kayan ya ce zai nemo musu, amma da lada. Daga baya suka gane cewa asirin mutane ya fi zinariyarsu tsada, suka koma satar abin da ke cikin wasiƙu da littattafan lissafi. Abin lura shi ne, da wuya a kama shi da laifi a fili. Yarjejeniyar da Braavos ta tilasta wa Pentos ta haramta bauta, amma barorin gidansa bayi ne, suna kawai aka sake musu.

Irin wannan attajiri ba baƙo ba ne a tarihin Turai. A 1519, lokacin da manyan masu zaɓe bakwai za su fitar da sarkin Daular Rum Mai Tsarki, an kashe sama da gulden 850,000 wajen jawo ra'ayinsu ga Charles na gidan Habsburg. Fiye da rabin kuɗin ya fito ne daga aljihun Jakob Fugger, attajirin Augsburg, wanda azurfa da tagullar Tirol suka daɗe a hannunsa a madadin basussukan da yake bin wannan gida. Da biya ya yi jinkiri, a 1523 Fugger ya rubuta wa sarkin wasiƙa, ya tuna masa cewa ba don shi ba da bai hau gadon ba, ya kuma nemi a biya shi kuɗinsa da ruwansu ba tare da ɓata lokaci ba.