Zaman Sulhu a Arewacin Zamfara

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar da ke tsakanin Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi kafin wannan fitina ta 'yan bindiga, ya san husuma tsakanin manomi da makiyayi ba baƙuwa ba ce, domin tun da ake shuka gero shanu ke kai masa baki. Baƙon abu shi ne a kwana a tashi ba a sami mai shiga tsakani ba.

A da, idan shanu suka yi ɓarna, mai gona ƙofar mai unguwa yake nufa, shi kuwa ya aika wa arɗo. Da hantsi sai dattawan ɓangarorin biyu su taka har gonar, su bi sawun kofato, su duba karan da aka tattake, su ƙiyasta dami nawa ya salwanta, kana su dawo zaure su hau tabarma ɗaya. Nan za a yi ta ba da baki, har mai gona ya yafe wani abu saboda zaman tare, Bafillace ya biya saura da kuɗi ko ɗan akuya, liman ya yi addu'a a shafa, a raba goro. Galibi magana ba ta kai gaban alƙali, domin kowa ya san abin da ke jiransa can, tunda malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, sun ɗora lamunin ɓarnar dare a wuyan mai dabba. Kuma in za a faɗi gaskiya, ba tsoron Allah kaɗai ke aiki ba: manomi yana son garke ya kwana a gonarsa da rani saboda taki, makiyayi yana son hatsi da mashaya, hakimi kuwa jangali ya hana shi sakaci da Fulanin ƙasarsa.

Sannu a hankali waɗannan igiyoyi suka tsintsinke. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, noman gyaɗa ya bunƙasa, jama'a ta yawaita, garma ta ci burtali. Aka soke jangali, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya bar sarakuna da rawani ba iko. Ƙarar da ake kashewa a zaure kafin azahar ta koma caji ofis da kotu, inda makiyayi kan sayar da sa a kan ɓarnar dami biyu. Daga nan sai satar shanu, sai 'yan sa-kai, sai bindiga.

An yi ta neman farfaɗo da sulhu. Gwamna Abdul'aziz Yari ya yi da jagoran 'yan bindiga Buharin Daji a 2016, Gwamna Bello Matawalle ya sake ɗaura wani a 2019, Sheikh Ahmad Gumi ya shiga dazuzzukan Shinkafi da wa'azi a Fabrairun 2021, har ɗan bindiga Bello Turji ya rubuto wa Sarkin Shinkafi wasiƙa a ƙarshen shekarar. Babu wanda ya ɗore, kuma a ganina illar a fili take: zama ne tsakanin hukuma da mai makami, wanda aka ƙone wa rumbu da wanda aka kore wa garke ba su kan tabarmar, babu kuma alƙalin da ake shakka idan an saɓa alkawari. Masu shiga tsakanin ma zargi bai bar su ba, domin a 2022 an tuɓe Sarkin Zurmi bisa zargin hulɗa da 'yan bindiga.

Gwamna Dauda Lawal, tun hawansa a 2023, ya ce ba shi ba sulhu. Ƙauyuka da dama kuwa suna yin nasu da kansu: su haɗa kuɗi su kai daji, kafin a bar su su girbe abin da suka shuka.